Inite ɗaya da safe, inite ɗaya da magariba

Kiyashi ne suka fara tona zancen. Akwai wani lungu bayan randa, gefen rumfar tsakar gida, inda muke zuba wa muzurunmu Ƙosau yashi yana biyan buƙatarsa. Wata safiya cikin watan Maris na zo shara, na tarar da layin kiyashi tun daga gindin katanga har kan dunƙulen yashin da ya jiƙa. Sai na tsaya riƙe da tsintsiya. Na san wannan layin. Shekara tara na yi ina jinyar Inna da ciwon sukari kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ita ma da kiyashi a bakin masai muka fara gane nata.

Ƙosau muzurun Inna ne. A wani lungu na Birni ta tsinto shi yana ɗan tsito, ta rene shi da duk abin da likita ya hana ta ci: fura da nono, biredi jiƙe cikin madara mai sukari, shinkafa da mai, gutsuren fanke. In na yi magana ta ce ai ido ma yana cin nasa rabo. Ya yi ƙiba har ya haura kilo 6, yaran unguwa suna masa tsiya wai bai taɓa haɗa ido da ɓera ba. Bayan rasuwarta ya fara ramewa, na ce kewa ce. Ya koma zama gindin randa yana lasar ruwan da ke tsatsafowa, na ce zafi ne ya kama. Ga ci kamar gara, amma in ka shafa bayansa ƙashi kake ji. Duk alamomin suna gabana wata biyu, ni da na yi shekara tara ina kallon irinsu, ban haɗa su ba sai da kiyashi suka haɗa mini.

Da na gaya wa Malam sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Hajiya, mutane ma nawa ne a garin nan suke neman kuɗin allurar sukari ba su samu ba, sai mage?" Ban da amsar da za ta ƙure wannan magana, har yau kuwa. Abin da na iya cewa shi ne amanar Inna ce, kuma shi da kansa ya sha karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ci da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ɗan ƙanena, wanda ke aikin rigakafin dabbobi, yana zaune a wurin, ya sa baki ya ce ai insulin ɗin ma, wato allurar sukarin, a kan karnuka aka fara gwada shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, kafin a yi wa mutum na farko a 1922. Malam ya yi dariya ya ce, "To, kare ya ba mutum, mutum ya ba mage." Daga nan bai ƙara hanawa ba, bai dai taɓa riƙe mini shi ba.

Ɗan ƙanen nawa ne ya haɗa mu da wani matashin likitan dabbobi da ya yi karatu a Dakar. Bai ɓoye mini ba, ya ce aikinsa a Damagaram shanu ne da tumaki da awaki da raƙuma, wani lokaci doki. Kyanwa mai sukari a littafi ya san ta. Wannan gaskiyar ce ta sa na amince da shi. Mun kai Ƙosau cikin kwali a kan kabu-kabu, kafin mu isa ya jiƙa kwalin da fitsari, yana haki baki buɗe. Aka auna, likita ya rubuta 3,9 a takarda, amma ya ce kada in ɗauki wannan lamba da muhimmanci. Tsoro kaɗai yana iya cilla sukarin kyanwa mai lafiya sama da 300, saboda haka awon da aka yi bayan tafiyar babur cikin kwali ba shaida ba ne. In koma gida, in auna shi inda hankalinsa yake kwance, kwana uku a jere.

A nan zan tsaya in warware abin da ya taɓa rikita ni tun zamanin Inna. Takardun awo na nan ƙasar da giram cikin lita suke rubutu, injin awo na gida kuwa da miligiram. 3,9 na takarda shi ne 390 na inji, sau 100 kawai za ka ninka. Kyanwa mai lafiya tana zama wajajen 80 zuwa 120. Sukari ba ya zubowa cikin fitsarinta sai na jini ya haura wajen 250 zuwa 290, lokacin ƙoda ta kasa riƙe shi. Ke nan kiyashin nan shaidarsu ta fi ta injin likita ƙarfi a ranar.

Injin Inna yana nan cikin adakarta, bandelet ɗinsa, ƴan tsinken da ake ɗiga wa jini, su ne suka lalace, na sayo sabbi a farmasi. Wahalar ita ce samun jinin. Mutum ka soki yatsarsa, kyanwa kuwa kunne ake nema. In ka haska fitilar waya ta bayan kunnen za ka ga wata siririyar jijiya tana bin gefensa kamar zaren da aka yi wa riga dajiya. Tsakanin jijiyar da bakin kunnen ake soka. Ranar farko sau biyar na soka, ko ɗigo bai fito ba, ya yakushe ni a hannu ya shige ƙarƙashin gado. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba don yakushin ba.

Dabarar da ta fisshe ni ɗumi ne. Na zuba gero cikin tsohuwar safa na ƙulle, in ɗora ta kan murfin tukunya ta yi ɗumi, in gwada a wuyan hannuna, sannan in riƙe ta jikin kunnen kamar minti ɗaya. Kunne mai ɗumi ba ya rowar jini. Sai in shafa basilin kaɗan ƙwarai don ɗigon ya taru wuri ɗaya maimakon ya bi gashi, in tokare bayan kunnen da ƴar auduga don kada in soki yatsata, in riga in zura bandelet cikin inji kafin in soka, domin da zarar jinin ya fito yana iya kaɗa kai ya watsar. Bayan an gama in matse wurin na ɗan lokaci kada ya yi tabo, in ba shi tsokar nama guda. Tsokar nan ita ce sirrin. Cikin mako biyu, da ya ji ƙarar buɗe gwangwanin bandelet shi ke zuwa da kansa ya hau tabarma.

Kwana ukun nan suka ba da 362, 341 da 388. Na tari fitsarinsa da murfin roba muka tsoma takardar gwaji: sukari ya cika, amma babu keton, wato gubar da ke taruwa in jiki ya koma ƙona kitse saboda ƙarancin insulin. Likita ya ce in riƙe sunan keton ɗin nan da kyau. Ranar da ya ƙi abinci, yana amai, ya yi laushi, takarda kuma ta nuna keton, wannan ba ta jira gari ya waye ba ce.

Na ɗauka irin insulin ɗin Inna za a ba shi, mai fari-fari kamar tsinkakken nono. Likita ya ce a'a, jikin kyanwa yana cinye wannan da sauri, kafin lokacin allura ta gaba ya daɗe da ƙarewa. Akwai waɗanda aka yi don dabbobi, Caninsulin da ProZinc, amma ba shi da hanyar samo su. Ya zaɓi Lantus, na mutane ne, garau yake kamar ruwa. Mutum sau ɗaya yake yi a yini, kyanwa sau biyu, tsakani awa 12. Ya ɗora ni kan sikeli riƙe da Ƙosau, ya sake ɗora ni ni kaɗai, ya ɗebe: kilo 4,6. Ana farawa da kwatan inite a kowane kilo, ya ce, saboda haka inite ɗaya da safe, ɗaya da yamma. ƴan Najeriya yunit suke cewa. Inite ɗaya na Lantus kashi ɗaya ne cikin ɗari na mililita, bai wuce ƙwayar gero ba. Na dube shi na ce, "Likita, wannan ɗan abin ne zai yi aiki?" Ya ce, "Hajiya, wannan ɗan abin yana iya kashe shi ma."

Ya ja mini kunne kan sirinji. Akwai na insulin mai ƙarfin 40, galibi da jar hula, akwai na mai ƙarfin 100, da hula ruwan lemo. Lantus mai ƙarfin 100 ne. In ka ja shi da sirinjin 40 zuwa layi na ɗaya, inite biyu da rabi ka ja ba ka sani ba. Tun daga ranar ba na karɓar sirinji a farmasi sai na karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Daga Yamai wata ƴar uwa ta aiko mana da alƙalamin Lantus, wato mazubinsa mai siffar alƙalami, cikin kula, tafiyar kusan kilomita 900 a bas, naɗe cikin tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar. Mutane sun san zafi yana kashe insulin, ba su cika sanin daskarewa ma tana kashe shi ba. Tsakanin digiri 2 da 8 yake so. A firigo can tsakiya nake ajiye shi, nesa da gidan ƙanƙara, ba kuma a ƙofa ba inda yara ke buɗewa suna rufewa. Sai ga bazara ta shigo, Afrilu da Mayu na Damagaram, zafi ya haura 40, kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa yana dawowa. In ya daɗe bai dawo ba sai in koma ga dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a bisa, a inuwa inda iska ke bi. Bai kai sanyin firigo ba, amma in ka sa hannu ciki ka san ba ɗaya suke da tsakar gida ba. Alƙalamin inite 300 ne a ciki, Ƙosau biyu yake sha a yini, takardar kamfani kuwa ta ce kwana 28 bayan an fara amfani da shi. Likita ya ce muddin yana cikin sanyi za mu iya wuce haka, amma kullum in ɗaga shi a haske. In ya yi gajimare ko wani abu na yawo ciki, a jefar. Da sirinji nake zuƙowa daga bakin alƙalamin, ba a girgiza shi.

Allurar kanta ta fi awon sauƙi nesa ba kusa ba. Yana cikin cin abinci sai in kama fatar gefen haƙarƙarinsa in ɗaga ta yi kamar ƴar bukka, in zura allurar a gindin bukkar, in danna. Ko ɗago kai ba ya yi. Yau dama, gobe hagu. Sau ɗaya allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen, na ji gashinsa ya jiƙe yana warin asibiti. Hannuna har ya kai ga wani sirinjin, na tuna an ce ko da wasa kada a maimaita, domin ba ka san nawa ya shiga ba. Lokaci kuwa na ɗaure shi da 6:30, na safe bayan na gama lazimi, na yamma dab da magariba. Biki ko gaisuwar rasuwa, in rana ta yi ja sai a ga na fara neman takalmina. Ƙawayena har sun sa mini suna uwar muzuru.

Abinci ma ya canza gaba ɗaya. Kyanwa maciyar nama ce, hatsi ba nata ba ne. Aka yanke fura da tuwo da biredi. Nama dafaffe, kifi, ƙwai, zuciya a kai a kai, hanta kaɗan, da ɗan garin ɓawon ƙwai saboda ƙashi. Ba albasa, ba tafarnuwa, su biyun guba ne ga jinin kyanwa, ke nan kilishi da tsire da soyayyar fara mai yaji duk sun fita. Wani mahauci a kasuwar Dole ya saba da ni, ran Alhamis yana ajiye mini zuciyar rago, yana tambaya ya jikin mara lafiya.

Bayan kwana goma muka yi abin da likita ya kira awon yini. Daga allurar safe zuwa ta yamma, duk awa uku in auna in rubuta: 354, 298, 241, 263, 330. Na tura masa ta WhatsApp, ina jiran ya ce a ƙara. Ya ce idona yana kan 354, nasa yana kan 241. Wurin da sukari ya fi sauka, wajen tsakiyar yini, shi ke nuna ko akwai filin ƙari. Fili akwai, ya ce, amma tunda ba a daɗe da canza abinci ba, buƙatarsa za ta iya raguwa da kanta, mu ƙara mako guda a kan ɗaya.

Ban cika makon ba. Kwana huɗu bayan haka injin ya nuna mini 412 da safe. Zuciyata ta buga. Lokacin Inna, likitanta ya ba mu izinin ƙara mata in lamba ta hau, na kuwa yi haka ɗaruruwan lokuta. Na ce wa kaina inite ɗaya a kan ɗaya mene ne, na ja biyu. Da yamma biyu. Washegari ma haka. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce. Ban tsaya na lissafa cewa ga tsohuwa mai kilo 70 ƙarin inite ɗaya ba komai ba ne, ga muzuru mai kilo huɗu da rabi kuwa ninki ne. Sai daga baya na ji daga bakin auta cewa daren da ya gabaci 412 ɗin, jikokin maƙwabta sun ba shi fanke ta ƙarƙashin ƙofa.

Rana ta uku, ana kiran azahar, na gan shi ya taso daga gindin randa yana tangaɗi kamar wanda ƙasa ke juya masa. Ya yi taku uku ya zauna. Baƙin idonsa ya buɗe ya cika idon, yana kallon bango, na kira sunansa bai waiwayo ba. Leɓensa yana ɗan rawa. Kunnen ya yi sanyi, babu lokacin safar gero, na murza shi da yatsu na soka sau biyu. 44.

Zuma tana kan kanta, tun zamanin Inna ba ma rabuwa da ita saboda irin wannan rana. Na lakato da yatsa na ɗaga leɓensa na shafa a dasashi. Ba a ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta komai a baki, sai ta shaƙe. Shafawa ake yi. Auta tana riƙe da waya a kunnena, likita yana cewa in sake aunawa bayan minti 15. Minti goma sha biyar ɗin nan na fi jin tsawonsu fiye da daren da na kwana zaune a asibiti. 61. Na ƙara shafa zuma. Ya fara lasar baki, ya dube ni. Na kawo nama da ɗan cokalin shinkafa, abin da aka hana, likita ya ce yau a ba shi. Bayan rabin awa 95. Ya ce kada in saki jiki, zuma tana hawa da sauri ta sauka da sauri, Lantus kuwa yana nan yana aiki har dare. In ci gaba da aunawa, allurar yamma kuma a bar ta.

Da la'asar ya zo gidan da kansa. Na faɗa masa abin da na yi. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Hajiya, sukarin da ya hau sannu a hankali yake ɓarna, ana samun lokacin gyara. Wanda ya faɗi, yini ɗaya ya ishe shi." Ya ce injin mutane yakan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa, amma in lamba ta sauka ƙasa da 60 ba lokacin gardama da inji ba ne. Ya kuma gargaɗe ni cewa gobe zan iya ganin babbar lamba, domin in sukari ya faɗi hanta tana buɗe rumbunta ta zubo wanda ta adana. Mai jinya ya ga lambar ya tsorata ya ƙara allura, ya sake jefa dabbar cikin rami. Da safe kuwa 380 na gani. Na daɗe riƙe da sirinjin, na ja ɗaya.

Tun daga ranar akwai kaye, wato littafin rubutu, rataye a ƙusa kusa da firigo, da bik ɗaure da zare. Kwanan wata, lamba, abin da ya ci, inite nawa, da hannun wanda ya yi. Ya yi mana rana ba da daɗewa ba: wata magariba na yi allura na shiga salla, auta ta dawo daga makaranta ta zaci ban yi ba, har ta ciro alƙalamin sai ta ga rubutuna. A shafin farko likita ya rubuta mini ƙa'idoji da hannunsa. In bai ci abinci ba, a kira shi kafin a yi allura. In lambar kafin allura ta gaza 150, a dakata a kira shi. Ba a canza yawan inite sai an yi awon yini.

Ƙafafunsa na baya sun fi komai daɗewa. Tun kafin a fara magani yake tafiya yana dafa ƙasa da dunduniya gaba ɗaya kamar zomo, ga katangar da ya saba hayewa ya daina ko kallonta. Likita ya ce jijiyoyi ne sukarin ya taɓa, su kuma ba su da gaggawa.

Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni lambobin suka fara sauka su ma. Ruwan shansa, da nake aunawa da kwalba, ya taso daga kusan rabin lita a yini ya koma ɗan kaɗan, kiyashi suka bar lungun. Tsakiyar yini ya koma 130, wani lokaci 110. Likita ya rage zuwa rabin inite, abin da sai na sa tabarau na tsaya bakin taga nake iya ja, tunda sirinjina ba shi da layin rabi. Cikin Agusta aka yi kwana biyar a jere lambar safe ba ta kai 130 ba tun kafin allura. Ya ce a tsaya a gani. Mako ɗaya, biyu, huɗu, ba allura, lamba tana tsakanin 90 da 125.

Na tambaye shi ko ya warke ke nan. Ya ce ba zai kira shi warkewa ba. Gaɓar da ke yin insulin, pankireyas, sukari mai yawa ne ya danne ta. Da aka sauke mata kaya ta huta sai ta farfaɗo, abin da kyanwa ke iya yi kare kuwa da wuya. Amma yana iya dawowa: in ya sake yin ƙiba, in ya koma cin hatsi, in wani ciwo ya kama shi kamar na haƙori, ko in wani ya yi masa allurar kumburi irin dekizametazon ɗin da ake yi wa dabbobi barkatai. Na sa an toshe ƙarƙashin ƙofa da katako, na kuma bi gidan maƙwabta na roƙi iyayen yaran.

Yanzu ran Juma'a kaɗai nake auna shi, da safe kafin ya ci. Ta jiya 104 ce. Bandelet bakwai suka rage a gwangwanin, na ce wa ɗan ƙanena ya taho mini da wasu. Da na gama rubutawa a kaye na fito neman shi don in ba shi tsokarsa, sai Malam ya nuna mini sama da haɓa daga kan tabarmarsa. Yana bisa katanga, ya lafe, idonsa a kan wani jangwalagwada da ke gyaɗa kai a kan indararo.